Hoton Fadama Shaida Ne, A Bincike Shi Kafin A Yabe Shi

Duk wanda ya bi ta ƙasar Kaugama a ƙarshen damina, lokacin da ruwan Kogin Haɗeja ya fantsama cikin fadamu, ba zai rasa ganin samari tsaitsaye a bakin ruwa da la'asar sakaliya ba, kowa ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar hoton faɗuwar rana. Wasunsu 'yan makaranta ne da suka zo hutu, wasu malaman firamare, wasu kuma malaman gona ne da ma'aikatan Ƙaramar Hukuma waɗanda aiki ya kai su ƙauye. Da an idar da sallar isha'i an zauna hira, sai waya ta riƙa zagayawa daga hannu zuwa hannu, wannan ya duba ya ce, "Masha Allah," wancan ya ce, "Kai, ya yi kyau," daga nan kuma magana ta ƙare. Kashegari mai hoton ya koma bakin ruwa ya maimaita kuskuren da ya yi jiya, domin kuwa babu wanda ya nuna masa.

Wannan hali namu na yabon komai kara ce da kunya, kuma ba abin zargi ba ne a zaman tare. Amma a sha'anin sana'a hasara ce. Mahaukaci ne kaɗai zai ce wa ɗan koyon saƙa zarensa ya tafi daidai alhali ya karkace. Hasarar kuwa ta fi girma idan abin da ake ɗauka fadamar Haɗeja ce, watau ƙasar da ke sake kama a gaban idanunmu, wadda jikokinmu ba za su san yadda take a yau ba sai ta hotunan da muka bar musu.

YADDA AKE YI A WASU ƘASASHE

Tun ba a daɗe da ƙago ɗaukar hoto ba masu yinsa suka gane cewa mutum ba ya ganin ƙeyarsa. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya wannan fasaha a Faransa, kana a 1853 aka kafa ƙungiyar masu hoto ta birnin Landan, wadda a 1894 aka yarje mata ta ɗauki sunan gidan sarautar Ingila. Daga nan ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda ake kira kulob, suka bazu a garuruwan Turai da Amurka da Indiya. Mafi yawan 'yan kulob ba da hoto suke cin abinci ba. Akwai akawu, da likita, da malamin makaranta, da tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa.

Abin da ke riƙe da kulob shi ne zaman duba hotuna. Akan taru sau ɗaya a mako ko bayan mako biyu, kowa ya kawo hoto ɗaya ko biyu. A ranar gasa akan ɓoye sunayen masu hotunan, a gayyato alƙali daga wani kulob dabam domin kada sanayya ta shiga, a kafa hotunan ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya faɗi abin da ya gani a kowanne, da abin da ya ƙayatar da shi, da inda aka gaza, sannan ya ba da maki. Mai hoto yana zaune cikin jama'a yana saurare, ba ya musu sai an tashi. Ba a bukatar kuɗi mai yawa kafin a yi haka. Aji ɗaya na makaranta bayan an tashi, ko zauren wani dattijo, ya isa.

ME YA SA FADAMAR HAƊEJA?

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan ma'aikacin gwamnati da wasan Turawa? Amsar tana cikin tarihin kogin kansa. Kogin Kano da Kogin Calawa ne suka haɗu kafin Wudil suka zama Kogin Haɗeja, wanda ya gangaro ya ratsa kudancin ƙasar Kaugama da ƙasar Auyo, ya wuce Haɗeja, ya rarrabu cikin jigayi, ruwansa ya gamu da na Kogin Jama'are, daga wajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe har Tafkin Cadi. A da kogin kan yi toroƙo a watannin Agusta da Satumba, ya malale fadamu, ya bar laka mai albarka, kana ya janye da rani. Da wannan zuwa da komawa na ruwa manomin shinkafa da masunci da makiyayi suka tsara rayuwarsu, kowa da lokacinsa a fili guda.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Calawa, ga kuma fari na shekarun 1970 da na 1980. Ƙasar da ruwa ke malalewa tsakanin Haɗeja da Gashuwa ta haura murabba'in kilomita 2,000 a 1974, amma a farkon shekarun 1990 ba ta kai 1,000 ba. Ta yaya aka san haka? Ta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da safiyon da ya biyo bayansu. Irin wannan shaida ce masana suka tattara cikin littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka shirya a kan dausayin Haɗeja da Nguru a 1993. Bugu da ƙari, sakin ruwa daga madatsun da rani ya sa wasu hanyoyin ruwa ba sa bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe su, ruwa ya daina zuwa inda ake jiransa, ya koma kwanciya inda ba a bukatarsa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ci gonaki da gidaje masu yawa a masarautar Haɗeja.

Duniya ba ta jahilci darajar wannan wuri ba. An kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru a 1987. Mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona kallon tsuntsaye a 1989. An shigar da Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, dausayin Baturiya na ƙasar Kirikasamma kuma a 2008. Sai dai baƙo yakan zo ya yi kwana uku ya tafi, jirgin sama kuma ba ya ganin ƙofar gidan kowa. Wanda ke nan damina da rani, wanda ya san wace gona ce kacala ta cinye da sunan mai ita, shi ne saurayin nan mai waya a hannu. Idan hotonsa ya inganta, ƙasa ta samu shaida. A Amurka, hotunan da William Henry Jackson ya ɗauko a Yellowstone a 1871 suna cikin abubuwan da aka nuna wa 'yan majalisa kafin su keɓe wurin ya zama gandun ƙasa a 1872. A nan gida, hotunan George Osodi na yankin Neja Delta sun nuna wa duniya ɓarnar man fetur fiye da yadda jawabai suka yi.

TAMBAYOYI UKU

To, idan hoto shaida ne, sai a yi masa abin da alƙali ke yi wa mai shaida, watau a yi masa tambayoyi. Tambayoyi uku sun isa zaman kulob, kuma a bi su a jere.

Ta farko: gaskiya ya faɗa? A ina aka ɗauke shi, a wace rana, da wane lokaci, kuma an ƙara masa wani abu ko an cire? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Babbar gasar hotunan namun daji ta duniya, wadda gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa, ta karɓe kambin shekarar 2009 daga hannun wanda ya ci, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge sabon hannu ne, ba na daji ba. A 2018 ma an soke wani hoto daga Barazil da aka gano cewa dabbar da ke cikinsa matacciya ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Yau da waya ke iya canza launin sama da taɓawa ɗaya, kwamfuta kuma ke iya ƙera hoton abin da bai taɓa faruwa ba, tambayar ta ƙara nauyi.

A nan ne ɗan ƙasa ya fi alƙalin Landan. Mu mun san gawo yakan kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Mun san shamuwa da ruwan farko take zuwa, kuma ba ta kaiwa tsakiyar hunturu. Mun san kuka tsirara take a watan Fabrairu, agwagin ƙetare da ke gudo sanyin Turai kuma da kaka suke sauka su koma kafin bazara ta ƙare. Wanda ya kawo hoton shamuwa a sheƙa ya ce a Janairu ya ɗauka, tsohon manomi da bai taɓa riƙe kyamara ba zai kama shi. Saboda haka kulob ɗin da ya san abin da yake yi zai riƙa gayyatar masunci ko manomi ya zauna a zamansa.

Ta biyu: me hoton yake son ya nuna? Idan mutum biyar suka duba suka ba da amsa biyar, to, mai hoton bai yanke shawara ba kafin ya danna. Ta uku kuwa, wadda jama'a suka fi gaggawar farawa da ita, ita ce ta gwaninta: haske, da tsari, da inda aka tsaya, da abin da ya fito sarai da wanda ya dushe.

MU GWADA DA MISALI

A ce an kafa hoton faɗuwar rana a kan fadama, irin wanda kowa ke da shi a waya. Sama ta yi ja wur, ruwa ya ɗauki launinta. Mai sharhi na ƙwarai zai fara da faɗin abin da ya gani, sannan ya ce: layin da sama ta haɗu da ruwa ya karkace, har ka ce ruwan zai zube ta hagu, kuma ya raba hoton biyu daidai wa daida, ido bai san ko sama zai duba ko ƙasa ba. Kana ya yi tambaya: mene ne a nan da zai nuna Kaugama ce ba Argungu ba? Da an ja da baya taku goma an shigo da gorubar nan mai rassa biyu, ko an jira mai kwalekwale ya shigo cikin hasken, da hoton ya samu gari. Idan jan ya wuce kima, a tambaya cikin ladabi ko haka Allah Ya nuna ko waya ce ta ƙara gishiri.

A ce na biyu hoton balbelu ne a bayan shanu, an ɗauka da tsakar rana. Farin tsuntsu cikin rana mai zafi yakan ƙone a hoto, ya zama farin tabo ba gashi ba ido. Maganinsa a fita da sassafe kafin hantsi, ko bayan la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. Har ila yau idon kyamarar waya mai faɗi ne, yakan mayar da tsuntsun da ke nesa ɗigo, jawo shi da yatsa kuma dusashe shi yake yi. Gara a tsuguna a yi haƙuri tsuntsu ya matso da kansa, ko kuwa a haƙura da tsuntsu ɗaya a ɗauki garken duka da filin da yake ciki. Hazon hunturu ma, wanda masu hoto ke kuka da shi, yana da ranarsa, domin yakan jera itatuwa sahu sahu, na kusa baƙi, na nesa toka toka.

A ce na uku hoton kacala ne kawai, kore shar daga gefe zuwa gefe, ba rana ba tsuntsu. A zaman hira babu mai ce masa Masha Allah. Amma idan mai shi ya ce, "Nan gonar shinkafar mahaifina ce, ga kan turken iyaka can ya leƙo," to, wannan shi ne hoton da ya fi sauran daraja a wannan dare. Gyaran da za a yi masa shi ne a sa mutum ya tsaya a gefe domin a ga ciyawar ta fi shi tsawo, a matso da turken kusa, a rubuta sunan wurin da kwanan wata. Sa'an nan a shawarce shi ya koma wannan gurbi, ya fuskanci wannan nahiya, a wannan mako na kowace shekara. Hoto goma irin wannan a jere, babu injiniyan da zai musa su.

DOKAR DA BA TAMU BA

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata a yi hattara da ita. Manyan ƙungiyoyin hoto na duniya, irin su FIAP da ƙungiyar masu hoto ta Amurka, sun shar'anta cewa a rukunin halittun daji ba a son dabbar gida, ko shukar gona, ko aikin hannun ɗan Adam, sai fa idan ya zama wani ɓangare na rayuwar halittar da ake nunawa. Wanda zai shiga gasarsu dole ya bi. Amma kuskure ne babba a ɗauko wannan ma'auni a auna fadamar Haɗeja da shi a zaman gida, har a riƙa ce wa yaro hotonsa ya ɓaci don saniya ta shigo ko don an ga tarun masunci. Fadamarmu ba kufai ba ce. Dinya da kirinjijiya da zalɓe sun rayu tare da mai koma da mai garma da mai sanda tun kaka da kakanni, kuma hoton da ya kore mutane daga cikinta domin ya yi kama da na mujallun Turai ya faɗi rabin gaskiya ne kawai. Abin da za mu karɓa hannu bibbiyu daga dokar tasu shi ne sashen da ya hana ƙari da ragi.

LADABIN GYARA

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk da haka, yadda aka faɗi magana shi ke sa a karɓe ta ko a yi fushi, kuma ƙungiyoyi da yawa sun watse a kan abin da bai kai wannan ba. A wurinmu wahalar ta ninka, domin yaro ba ya gyara wa babba a bainar jama'a, ƙaramin ma'aikaci kuma ba ya kushe aikin shugabansa. Ɓoye sunaye yana rage wannan. In kuwa an san mai hoton, harshe yana da hanyoyinsa. Ɗalibi yana iya cewa, "Allah Ya gafarta Malam, ni idona sai komawa yake kan ledar nan ta gefen dama, ko da gangan aka bar ta?" Babba kuma ya ce wa yaro, "Ɗana, ka iya jiran haske, saura ka koyi jiran tsuntsu." Kowannensu ya faɗi gaskiya, ba wanda aka muzanta.

A yi magana a kan hoto, a bar mai hoto. Kada a tara wa mutum gyara goma a dare ɗaya, guda biyu da zai iya aiki da su gobe sun fi. Kada tsadar kyamara ta zama abin yabo ko araharta abin gori. Wanda aka yi wa gyara ya rubuta ya yi godiya, ya tafi ya auna, domin mai sharhi ma yakan yi kuskure. Shugaban zama kuwa ya fara kafa nasa hoton a gyara masa a gaban kowa, don laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Akwai kuma hotunan da komai kyansu sai an tambayi yadda aka same su. Wanda ya kori tsuntsuwa daga kan ƙwanta, ko ya sare reshe domin sheƙa ta fito, ko ya sa yara su jefi garken agwagi don ya ɗauke su a sama, ya ɓata abin da ya zo yabo. Wanda ya ɗauki mata a mashaya ko a wurin wanka ba da izini ba, ya keta haddi. Wanda ambaliya ta rushe wa ɗaki yana tsaye cikin ruwa da tabarmarsa a ka, ɗan'uwa ne kafin ya zama abin ɗauka: a yi masa jaje, a kama masa kaya, a nemi yardarsa. Kulob ɗin da ya yi shiru a kan irin waɗannan ya koya wa yaransa rashin ta ido.

KIRA GA MA'AIKATA DA 'YAN MAKARANTA

Kayan aikin duk suna nan. Akwai ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da makarantun sakandare na Kaugama da Malam Madori da Auyo. Akwai malaman labarin ƙasa da na kimiyyar halittu waɗanda ke koyar da fadama daga littafi alhali tana bayan tagar aji. Akwai tsofaffin masu hoto na kasuwa da suka yi zamanin fim da ɗakin wanki, lokacin da fim ɗaya hoto 36 ne kacal, kowace dannawa kuɗi ce, saboda haka suka koyi dubawa kafin su danna. Mutum bakwai ko takwas sun isa a fara. A sa rana ɗaya a wata, a zaɓi jigo guda, kamar girbin shinkafa, ko su, ko gawo da rani, a wanke hotunan da suka yi fice a kan takarda, a rubuta wuri da rana da sunan mai ɗauka a bayansu, a ajiye a ɗakin karatu na makaranta. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓace, takarda kuwa tana kai wa jika.

Ga ma'aikatan gona da na gandun daji da na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ribar a fili take. Rahoton da aka haɗa da hoto mai kwanan wata da sunan wuri ya fi saurin motsa fayil a Dutse ko Abuja fiye da shafi goma na kuka, domin gani ya kori ji. Amma hoton da aka taɓa kama shi da ƙari, ko aka ɗauko na wata shekara aka ce na bana ne, yakan jawo a ƙi gaskata na gaskiyar ma, talakan da gonarsa ke ƙarƙashin ruwa shi ne zai biya.

Saboda haka, idan an miƙo maka waya a majalisa yau da dare, ɗan'uwa, ka ce Masha Allah, domin halittar Allah ta cancanci haka. Amma kada ka mayar da ita nan take. Ka tambayi inda aka ɗauka da ranar da aka ɗauka, ka faɗi abu ɗaya da ya burge ka da dalilinsa, ka faɗi abu ɗaya da za a gyara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu da ambaliya, amin.